Jifa Biyun Kathirvel

Kathirvel ba ya sakin hannun mutum da wuri. In ya ba ka hannu kafin a fara wasa, sai ya riƙe naka da hannu biyu yana tambayar lafiyar iyali, babban yatsansa kuwa yana bin ƙasusuwan yatsunka ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda mace ke lalubar kifi a kasuwa. Wani lokaci yakan tsaya a kan wata gaɓa, ya ɗan matsa, ya dubi sama, ya ce, "Uhm." Daga nan ya sake ka, ya yi maka fatan alheri. Akwai waɗanda wannan "uhm" ɗin kaɗai ta gama da su tun kafin su ɗauki katakon duka.

In an yi masa magana sai ya ce sabo ne kawai. Uwarsa ce mai ɗorin gandun robarmu na jihar Perak a ƙasar Malayu tun zamanin Turawa, kuma da ta tsufa shi ya gaji kwanon man riɗinta da tsinkayen gora da ƙyallaye. Sauran ranakun mako yana tsagar roba kamar kowa, ya fita da wuƙarsa tun raɓa ba ta bushe ba, ya dawo da bokitai biyu a kafaɗa. Ran Lahadi ya buga kurket, wasan ƙwallo da katako. Ran Litinin da yamma kuma ya shimfiɗa tabarma a barandar ɗakinsa na barikin leburori, waɗanda ya gana da su jiya su zo su yi layi. Bai taɓa karɓar komai a hannun kowa ba. Cewa yake yi abin da hannunsa ya ɓata, hannunsa ne zai gyara. Matarsa Ponnamma kuwa cewa take yi da zai riƙa ɓatawa kaɗan-kaɗan, da ƙwan gidan ya riƙa isa tukunya, don da farin ƙwai yake ɗori.

Filin wasan yana gangaren gidan manaja, tsakanin ɗakin bauta da garken awaki. Jar ƙasa ce mai tauri. Akan shimfiɗa mata doguwar tabarmar zaren kwakwa, a ja ta a kafe da ƙusoshi, a dasa turaku uku a kowane ƙarshe. Mai duka ya tsaya yana kare turakunsa da katako, mai jifa ya zo a guje ya nemi tuge su. Kathirvel daga jikin garken awaki yake taso gudunsa, ba takalmi, dogo siriri kamar itacen da yake tsagawa. Nisan ya isa mai duka ya tuna duk wanda ya taɓa ɓata wa rai a duniya. In ƙwallon ta bar hannunsa ba a ganinta, sai dai a ji ta, ko ƙarar turke ko ƙarar mutum.

Abin da ya yi a shekarunsa har yau ana faɗa, kuma kowace shekara labarin yana ɗan ƙara tsawo. Ranar da wasu ma'aikatan jirgin ƙasa suka zo daga birnin Ipoh, shi kaɗai ya fitar da su duka goma, suka kama hanya tun ruwan shayin da aka ɗora musu bai tafasa ba. Ya taɓa raba turke gida biyu, rabin ya faɗa cikin awaki. An kira shi wasan jiha, aka ba shi takalmi mai ƙusoshi, ya yi jifa da shi har rana ta yi tsaka bai ji daɗi ba, ya tuɓe ya ajiye a gefen alƙali, sannan aka ga abin da aka kira shi ya yi. Da aka sake kiransa bai je ba, don wasan zai kai Litinin, kuma yana da masu jira a baranda. Amma ainihin tarihinsa a jikin mutane yake. In ka shiga shagon gahawa na bakin gada za ka tarar da tsofaffi suna ɗaga yatsu suna gwada wa juna. Wannan na shekarar ambaliya ne, wancan na shekarar da aka sauke tutar Turawa. Wanda ba shi da karkataccen yatsa ba ya sa baki.

Magana ɗaya Kathirvel yake tinƙaho da ita, kuma ba ya ɗaga murya in zai faɗe ta. "Duk wanda ya taɓa tsayawa gabana da katako, na tuge masa turke. In ba yau ba, gobe."

Gaskiya ce, in ban da mutum ɗaya. Kuma mutumin shi ne mai shagon gahawar.

Khor Ah Lek sunansa, kowa na ce masa Tauke Lek, wato maigidan shago. Gajere ne mai tumbi, da tabarau ɗaure da zare ta bayan ƙeya. Ƙungiyar 'yan kasuwar gari yake buga wa, su tela, su mai gyaran keke, su mai kantin magani. Ba su taɓa cin kowa ba, kuma ba su da wannan niyyar. Dabararsu ɗaya ce. A ƙasarmu ruwa yakan sauko da la'asar, kuma in ya sauko ba a gama fitar da ku ba, an yi canjaras. Don haka abin da suke bukata shi ne mutum ɗaya da zai tsaya har hadari ya hauro dutsen da ke bayan gandu. Tauke Lek ne na ƙarshen shigowa, kuma aikinsa ke nan.

Yakan naɗe haƙarƙarinsa da tawul-tawul na goge teburi, ya cusa tsofaffin jaridu a cinyoyi, ya shigo fili yana tafiya kamar katifa. Ba ya ɗaga katako ya doki ƙwallo. Dasa shi yake yi a ƙasa, ya ɓuya a bayansa. Abin da katako bai tare ba, jiki ya tare. An ce ya taɓa cin maki biyu, amma bisa kuskure ne, kuma ya ba da haƙuri. Tsakanin jifa da jifa yakan cire tabarau ya goge, ya sake ɗaure zaren, ya gyara takalmi, ya dubi dutse ta saman kafaɗar Kathirvel kamar mai jiran mota. Wani lokaci ruwan ya zo. Wani lokaci abokin tsayuwarsa na ɗaya ƙarshen aka fitar, wasa ya ƙare, 'yan gandu suka ci, kowa na murna ban da mutum ɗaya, don Tauke Lek ya saɓa katakonsa ya fita turakunsa na tsaye.

Ran Litinin shi ne na farko a baranda, da gahawa a gwangwanin madara mai marataya, da gasasshen burodi a takarda. Anne yake ce wa Kathirvel, wato yaya da yarensu Kathirvel ɗin, ko da yake Tauke Lek ɗin ne babba.

"Kwanta, Tauke. Ina da ina?"

"Ni kake tambaya, Anne? Kai ka aiko su, kai ka san inda suka sauka."

Kathirvel ya ɗaga masa riga. Haƙarƙarin ya yi shuɗi da kore kamar taswirar makaranta. Ya zuba man riɗi ya fara murza.

"Wayyo! A hankali mana. Jiya ba ka ƙoshi ba?"

"Mutum ya zo duniya, an ba shi katako, ya ƙi dukan ƙwallo. Wannan wasa ne ko gadi?"

"Ni fa ba na dukan abin da bai yi mini laifi ba."

"Ta ƙarshen nan ta taɓa turke. Na ji."

"Ka ji? To kunnenka ma a kawo man riɗi. Sha gahawarka kafin ta huce, yau na sa maka madara da yawa, na ga jiya kamar ƙarfinka ya ragu."

Kathirvel ya danna wani wuri da bai kamata a danna ba, Tauke Lek ya kira sunayen kakanninsa, Ponnamma ta leƙo ta ce su yi a hankali, kajin maƙwabta sun daina ƙwai.

Haka aka yi ta yi, shekara na bin shekara. Kathirvel ya gwada masa ta sama, ya gwada ta ƙasa, ya gwada wadda ke nufo yatsun ƙafa. Ya sa aka ja tabarma har ta yi ƙara kamar ganga. Wata shekara ya yi abin da ake yi ranar biki don kada ruwa ya sauko, ya soke albasa da jan barkono a tsinke ya kafa a kusurwoyin fili. Da la'asar ruwa ya zo kamar da bakin ƙwarya, aka je dubawa babu tsinke ko ɗaya. Washegari Tauke Lek ya kawo masa soyayyar taliya a ganyen ayaba, ya ce a gode wa wanda ya bar albasa a fili, ta yi zaƙi, sai dai barkonon ba yaji.

Sai aka sayar da gandun. Sababbin masu shi suka ce za a sare roba a dasa kwakwar manja har ƙofar ɗakin bauta, fili ma zai tafi. Lokacin furfura ta fara cin kan Kathirvel, kuma gudun daga garken awaki ya fara yi masa nisa, ko da yake bai faɗa wa kowa ba. Aka sa wasan ƙarshe, 'yan gandu da 'yan kasuwa. Ya san in ba a wannan ranar ba, maganar da yake tinƙaho da ita za ta zauna da ɓaraka har abada, kuma ɓarakar tana sayar da gahawa a bakin gada inda kowa zai gan ta.

Wannan karon bai yi wasa da ruwa ba. Ya haye kogi ya ɗauko Tok Deraman, tsohon da ke riƙe ruwa in ana aure a ƙauyukan Malayu. Tsohon ya zo da turarensa, ya kafa tsinkayensa da kansa, ya zauna a gindin bishiya ya rufe ido. Ponnamma ta ɗauki tsintsiya ta ce ita za ta yi gadin albasa.

"Kana jina?" ta ce wa mijin, don ba ta kiran sunansa. "Yau ka fitar da mutumin nan mu huta. In ka fitar da shi, gobe zan soya ƙwai in ci ni kaɗai."

Rana ta buɗe tas. Kafin a ci abincin rana an fitar da 'yan kasuwa tara, saura Mat Jusoh tela a ɗaya ƙarshen, sai ga katifa ta shigo. Kathirvel ya tara 'yan wasansa ya yi musu magana ƙasa-ƙasa. Ya ce duk wanda ya fitar da tela, kada ya ƙara kawo masa ko targaɗe.

Mat Jusoh yana da ɗinkin amarya da ke jiransa a shago, kuma bai zo don ya kwana ba. Ya ɗaga ƙwallo sama a hankali, ta nufi hannun mutum, mutumin ya sunkuya yana ɗaure takalmin da ba ya sanye da shi. Ya sake ɗagawa, mutum biyu suka tsaya suna ce wa juna bismilla har ta faɗi a tsakaninsu. Ya matsa gefe ya bar turakunsa a buɗe, mai jifan ɗaya ɓangaren ya jefa ta can wajen awaki.

"Don Allah ku fitar da ni!" in ji tela. "Me na yi muku?"

"Haƙuri, Mat," in ji mai tsaron bayan turaku. "Ka zama ɗan kallo mai katako."

Alƙalin wasan Bachan Singh ne, tsohon ɗan sanda mai farin rawani da gemu har ƙirji. Jifa shida ake yi a zubi ɗaya kafin a canja ɓangare, shi kuma da ƙwayar itacen roba shida yake lissafi, in an yi jifa ya ɗauke ɗaya daga aljihun dama ya mayar hagu. Ranar ƙwayoyin nan sun yi zirga-zirga har suka yi sheƙi. Kathirvel ya jefa, Tauke Lek ya tare. Ya jefa, tawul ya tare. Tauke Lek ya goge tabarau ya dubi dutse. Hadari ya taru baƙi ƙirin a kan dutsen, ya tsaya cak kamar an ɗaure shi. Ya dubi kusurwar fili, ya ga Ponnamma da tsintsiya. A karon farko aka ga ya haɗiyi yawu.

La'asar ta yi, ta fara wucewa. Rigar Kathirvel ta manne a bayansa. A wani zubi, bayan jifa uku, ya wuce garken awaki ya ƙara gaba har jikin shinge, ya juyo, ya taho da duk abin da ya rage masa a duniya. Daidai lokacin da hannunsa ya haura kunnensa ya ji wani abu a kafaɗarsa ya ce ƙas, ƙaramin sauti, irin wanda ya sha ji a jikin wasu. Ba wanda ya ji sai shi. Ƙwallon kuwa ta tashi daga tabarma kamar an harbo ta, ta matse babban yatsan Tauke Lek na dama a jikin mariƙin katako.

Tauke Lek ya saki katakon ya zauna a ƙasa. Katakon ya faɗi, ya mirgina, ya nufi turaku. In ya taɓa su an fitar da shi, haka dokar take. Duk filin ya yi tsit, har Tok Deraman ya buɗe ido ɗaya. Katakon ya zo dab da turke, ya yi rawa, ya kwanta. Tsinke ba zai wuce tsakaninsu ba, amma bai taɓa ba.

Yatsan ya karye, ba maganar riƙe katako. Tauke Lek yana hawaye yana dariya.

"Sarkin 'yan sanda, ka shaida," ya ce wa Bachan Singh. "An ji mini rauni, amma ba a fitar da ni ba. Haka za a faɗa wa jikoki."

"Bai tsaya ba," in ji Kathirvel. "Wanda ya bar fili zubi bai ƙare ba, gudu ya yi."

"Gudu? Ni da ke zaune?"

Gardama ta kaure, 'yan gandu da 'yan kasuwa kowa na magana ba mai saurare, tela kuwa ya sulale ya hau kekensa. Bachan Singh ya ɗaga hannu irin na tsaida mota. Ya zura ɗayan a aljihun dama ya fito da ƙwayar roba biyu ya nuna wa kowa.

"Wasa ya tsaya, bai ƙare ba. Saura jifa biyu, ga su nan. Ranar da yatsan nan ya warke, a shimfiɗa tabarma ko a kan titi ne, a yi su a gabana. In an tuge turke, maganar Kathirvel ta cika. In ba a tuge ba, Tauke ya sha da ita har kabari."

Dukansu biyu suka ce sun yarda. Tok Deraman ya tashi ya tsige tsinkayensa, kuma kafin ya kai bakin hanya ruwa ya kece.

Ba a taɓa yi wa yatsa ɗori irin wannan ba. Kathirvel ya zaɓi gora mafi laushi, ya fere ta har ta yi santsi, ya fasa ƙwai na kazar da ta fi kowace ƙiba. Ya sa Ponnamma ta riƙa dafa romon ƙafar akuya ana kai wa bakin gada. Ya hana Tauke Lek ɗaukar buta, ya hana shi shan ruwan sanyi. Mutane suka ce kai, gaba ta zama zumunci. Shi kuwa cewa ya yi ba ya son ranar nan a ce yatsa ne bai warke ba.

A gida kuma wasu 'yan abubuwa sun canja. Ya fara taje kansa da hagu. Furen da yakan ɗora kowace safiya a kan kantar gumaka, wadda ke sama da ƙofa, sai aka ga Ponnamma ce ke hawa kujera tana ɗorawa. Man riɗi ya shafa, amma hannu ba ya kaiwa inda abin yake. Asibiti kuwa, in ya taka ƙofarsa da safe, kafin azahar labari ya isa shagon gahawa. Wata rana da tsakar rana, mutane na barcin gajiya, ya zagaya bayan garken awaki da lemon tsami a hannu, ya kafa gwangwani, ya taho a guje ya jefa. Hannun ya ƙi wuce kafaɗa. Lemon ya faɗi a rabin hanya, ya gangara kaɗan, wata kaza ta zo ta dube shi ta wuce.

Ya daɗe a tsaye. Mutanen da suka ga ya raba turke biyu suna nan da ransu, kuma dukansu za su zo kallo.

Aka sa rana, washegarin bikin fitilu, a filin makarantar gari, don namu tuni motocin ture ƙasa sun cinye shi. Jama'a ta zo har daga Ipoh, wasu da karkatattun yatsunsu a aljihu. Aka ja tabarma, aka dasa turaku. Bachan Singh ya sa farin kwat ɗinsa. Sai dai a wajenmu ƙashi bai warke ba sai wanda ya ɗaure shi ya kwance da hannunsa ya ce ya warke. Don haka aka ajiye benci a tsakiyar fili, mutanen biyu suka zauna suna fuskantar juna, jama'a ta ja baya kaɗan.

Kathirvel ya lura da abu ɗaya tun ɗazu. Da Tauke Lek ya shigo fili, wajen turakun ya nufa ya wuce su, sai da ƙafarsa ta ji tabarma ya dawo. Ya tuna kuma kwanakin baya, a shago, gahawa na zuba a gefen kofi, maigida na cewa teburin ne ya karkace. Yanzu da suke kusa ya dubi bayan tabarau, ya ga wani fari-fari a idanunsa kamar madara a ruwa.

Ya fara warware ƙyallen. Tauke Lek ya yi magana ba tare da motsa leɓe ba.

"Anne, tun yaushe ka zama bahago? Wata nawa ke nan da hagu kake murza ni."

"Tun ranar da ka fara shayar da teburinka gahawa."

Ƙyallen ya ƙare, ga yatsa nan miƙe sumul, ya fi na da kyau.

"Jama'a da yawa?" in ji Tauke Lek.

"Har kan katanga."

"Ita ƙwallon, ja ce har yanzu?"

"Ja ce."

"To," in ji Tauke Lek. "Ni dai ina jin kamar yana ɗan yi mini zogi in gari ya yi sanyi."

"Bari in gani," in ji Kathirvel da ƙarfi, yadda kowa zai ji. Ya kama yatsa ya dubi sama. Tun bai matsa ba Tauke Lek ya kurma ihun da ya tashi tsuntsaye daga rufin makaranta.

Kathirvel ya miƙe yana girgiza kai kamar wanda aka yi wa rasuwa. "Ɗanye ne. Daga waje ya haɗu, ciki bai haɗu ba. Ni ba na jifan mara lafiya, a ce na ci da zalunci. A ba shi mako biyu."

Jama'a ta yi guna-guni. Ponnamma na tsaye kusa da benci da kwanon ƙwai, ta sunkuyo.

"Kana jina? Na hagu ka kama. Na dama ne ya karye."

"Ciwo yana tafiya," in ji Kathirvel, bai dube ta ba. "Kawo ƙwan."

Bachan Singh ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya daɗe yana shafa gemu. Mutum ne da ya yi shekaru yana sauraron masu ba da shaida. Ya mayar da ƙwayoyinsa biyu aljihun dama, ya ce maganar mai ɗori ita ce magana, a naɗe tabarma.

Mako biyu suka cika, aka duba, saura mako biyu. Damina ta shigo, ƙashi ba ya son damina. Rani ya zo, zafi ya hana ɓargo kwanciya. Kwakwar manja ta tsiro a inda turaku suke, ta yi tsawo, ta fara 'ya'ya. Kowace Litinin Tauke Lek yana baranda, ɗansa ya kawo shi a bayan babur ya tafi. A kwance, a duba, a ce "uhm", a sake ɗaurewa. Wani lokaci na dama, wani lokaci na hagu, ya danganta da wanda ya fi kusa. Ponnamma ta daina magana, ta ƙara kaji.

A shagon gahawa kuwa abin sai ƙaruwa yake. Kathirvel yakan zauna a teburin ƙofa ya ce shi jifa ɗaya ya ishe shi, na biyun kyauta zai bayar.

"Kawo su duka biyun lokaci ɗaya," in ji Tauke Lek daga bayan kanta, yana fuskantar inda yake zaton muryar take. "Da hannu ɗaya zan tare su, ɗayan ina soya taliya."

"Ka warke tukuna, katifa."

"Wa ya hana ni warkewa? Mai ɗorin gandun nan ya tsufa, yatsa ɗaya ya gagare shi."

Samarin da ba su ga zamanin ba sukan tambaya wai da gaske ne za a yi jifan nan. Tsofaffi su ɗaga yatsunsu su ce su jira su gani, ranar za su san abin da ake kira gudu. Duk bikin fitilu Bachan Singh yakan zo da farin kwat a hannu, ya tambayi lafiyar yatsa, a ce masa saura kaɗan, ya sha gahawa ya koma.

Zazzaɓin da ya ɗauke Kathirvel bai daɗe ba, kwana kaɗan ne cikin wata damina. Litinin ɗin da ta gabace shi ya zauna a baranda da bargo a kafaɗa, ya kwance yatsan, ya daɗe yana juya shi a hannunsa fiye da kullum. Ya fasa ƙwai, ya ɗaure da kyau, ya ja ƙullin da haƙori.

"Wannan karon kam ya kusa, Tauke. Ka fara neman tawul."

Bayan an ƙone gawar an watse, Bachan Singh ya tarar da Tauke Lek zaune a barandar, hannunsa a kan gwiwa, ƙyallen ya fara datti. Ya ce masa ya kawo ya kwance masa, ai yanzu ba sauran dalili.

Tauke Lek ya janye hannun ya ɓoye a hammata.

"Kai ka ɗaure? Mai aikin bai ce ya warke ba. Kuma ka riƙe ƙwayoyinka da kyau, sarkin 'yan sanda. Saura biyu, ni kuma ba a fitar da ni ba."